Bayan tiyatar rage ƙiba: dole ne sai na gaya wa kowa abin da aka yi mini?

Uwar Biyu ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni bin wannan hanya, ko waɗanda suka yi jinyar wanda ya bi ta.

An yi mini tiyatar rage tumbi, irin wadda likitoci ke kira silib, yanzu na shiga wata na huɗu. Ga wanda bai san ta ba, kusan kashi 80 cikin 100 na tumbin ake yankewa a fitar, a bar wa mutum ɗan siriri mai tsawo. Ba don kwalliya na kai kaina ba. Ciwon suga ya kama ni bayan haihuwata ta biyu, hawan jini ya biyo baya, gwiwoyi kuwa in zan hau bene sai na tsaya a tsakiya na huta. Alhamdu lillahi aikin ya yi kyau, likita ya rage mini maganin suga, kuma yanzu ina sunkuyawa in ɗaure wa ɗana igiyar takalmi numfashina bai ɗauke ba.

Mutum biyu ne kawai suka san ainihin abin da aka yi: maigidana, da yayata da ta kwana da ni a asibiti. Sauran dangi an ce musu ɗan aiki aka yi mini a ciki, suka yi mini sannu, ba wanda ya tona. To yanzu rama ta fito fili, kaya sun yi mini yawa, ga gashi yana zuba, duk lokacin da na taje kai sai na tsince shi dunƙule a jikin mataji. Shekaranjiya wata abokiyar aikina ta ja ni gefe, ta riƙe mini hannu, ta rage murya ta ce, "Don Allah ki gaya mini gaskiya, me likita ya ce yana damunki?" Idonta har ya kawo ruwa. Ashe an daɗe ana zancen a bayana, wasu na cewa muguwar cuta ce, wasu na cewa zaman gidan ne ba daɗi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne uwar mijina. Mace ce mai son ta ga an ci abincinta, kuma tana ƙaunata. Ranar da muka je gaishe ta, ta cika mini faranti da shinkafa da nama, ta zauna kusa da ni. Na tsakuri naman na yi ta taunawa, na kai 'yan cokula na shinkafa, sai na ji abin nan ya tokare ni a ƙahon zuci, alamar in na ƙara loma ɗaya za ta dawo. Na ajiye cokali. Ta dubi farantin, ta dube ni, ta ce, "Ko girkin nawa ne bai yi miki ba?" Na rasa abin cewa.

Akwai kuma 'yar kawuna, mai jiki irin wanda nake da shi a da, ita ma tana fama da suga. Ta turo mini saƙo tana roƙon in gaya mata sirrin. Na ce za mu yi magana, har yanzu ba mu yi ba.

Abin da ya sa ba na son maganar ta bazu, na taɓa zama a wurin da ake zancen wata da aka yi wa irin wannan aiki. Cewa aka yi ta kasa riƙe bakinta ne, shi ya sa ta je aka yanke mata ciki. Na kuma ga yadda ake leƙen farantinta a taro. Ba na son in zama abin kallo duk lokacin da zan kai hannu baki. Amma kuma ba na son ƙarya, ba na kuma son masu ƙaunata su riƙa kwana da fargabar wani abu na cina. Yaya kuka yi? Wa kuka gaya wa, wa kuka ƙyale? Kuma yaya kuke cin abinci a cikin mutane ba a sa muku ido ba?

Tsohuwar Malama ta amsa:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Ni baifas aka yi mini, an kwana biyu. An ware mini ɗan aljihu a saman tumbi, wajen mililita 30, aka haɗa shi kai tsaye da ƙaramin hanji. Aikin ya bambanta da naki, amma zama da mutane duk ɗaya ne.

Babu wanda yake bin ki bashin bayani. Matar da aka cire wa mahaifa ba ta bin gida-gida tana sanarwa, kuma ba wanda zai ce ta yi ƙarya don ta yi shiru. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Ni abin da nake cewa tun farko shi ne: "Ina hannun likita saboda ƙiba da suga, ya sa ni a tsarin cin abinci, ramar da kuke gani da saninmu ake yin ta, lafiyata ƙalau." Ki duba, babu ƙarya ko ɗaya a ciki. Abin da ke tayar wa mutane hankali shi ne zaton ramar ta zo da kanta. Da zarar mai ƙaunarki ya ji da likita a cikin maganar, zai samu natsuwa. Wanda ya ci gaba da tono bayan wannan, son jin labari ne ke cin sa, shi kuma murmushi ya ishe shi da "Na gode da kulawa." Abokiyar aikin nan taki da ta yi hawaye, ki same ta gobe ki faɗa mata haka, ki bar ta ta kai wa sauran. Ita za ta kashe miki jita-jitar fiye da yadda bakinki zai iya.

Maganar surukarki kuwa, na sha irin wannan zama da tawa mahaifiyar. Tsohuwa in ta cika miki faranti, hanyar da ta sani ke nan ta nuna ƙauna. In kika bar shi cike, ita a wurinta an mayar mata da kyauta ne. Don haka kada ki bari sai an zuba. Da isarku, kafin a buɗe tukunya, ki same ta ita kaɗai, ko ma maigidan ya riga ki zuwa, don maganar ɗa ta fi saurin shiga kunnen uwa. A ce mata likita ya hana ki cin da yawa a zama ɗaya. Sannan ke da kanki ki roƙe ta ta sa miki a kwano mai murfi ki tafi da shi. Tawa mahaifiyar, daga ranar da na fara cewa "Inna, a zuba mini na tafiya," fuskarta ta saki. Kwanon nan sai in kai washegari ina ci daga cikinsa, in buga mata waya in ce miyar ta yi daɗi, kuma da gaske ta yi.

A taro, in da hali ni nake zuba wa kaina, a ƙaramin faranti, in baza abincin kada ya taru waje ɗaya. Nama ko kifi ko ƙwai nake fara ci, don wurin ba shi da yawa. In shinkafa ko burodi ko taliya suka riga shiga sun cinye shi, ga shi suna kumbura su tokare mutum. Loma ƙarama, in tauna ta har ta narke a baki, in ajiye cokali, in sa baki a hira, sannan in ɗauki ta gaba. Ɗan abincin nan sai ya kai ni minti 20 zuwa 30, wanda dama haka masana abinci suke so a yi. Lokacin da masu cika faranti suka gama, ni ma na gama. Mutane ba sa ƙirga lomar wanda bakinsa ke motsi, wanda ya ture faranti da wuri shi ido ke kamawa.

Ki fi kiyaye abin sha. Za a ajiye miki lemon kwalba a gaba, iskar da ke cikinsa ta kumbura ɗan wurin da ya rage, ga sukari. Mu masu baifas, in zaƙi ya zarce hanji da sauri, cikin minti 10 zuwa 30 sai zuciya ta hau bugawa, gumi ya keto, jiri ya ɗebi mutum, ciki ya murɗa, wani lokacin har da gudawa. Wani kuma sai bayan awa ɗaya zuwa uku suga ya faɗi, jiki ya hau rawa. Masu silib ba su cika fama da shi kamar mu ba, amma yana faruwa. Ni ruwa nake karɓa in riƙe a hannu, ba na sha sai an yi rabin awa da gama ci. Hannun da ke riƙe da kofi ba a cika miƙa masa wani abu ba.

Kallon ma na ɗan lokaci ne. Ramar tana gudu a watanni shida na farko, sannan ta sassauta, yawanci tsakanin shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi nauyin ya tsaya. Abin da kike iya ci zai ƙaru a hankali har ya kai ƙaramin faranti, ido kuma zai saba da sabuwar kamarki.

Ma'aikaciyar Jinya ta amsa:

Sannu 'yar'uwa. Kan dangi da abokan aiki ina tare da Anti Malama, wannan zaɓinki ne. Amma akwai inda sirri ke zama haɗari, kuma a ɗakin marasa lafiya nake aiki, na ga abin da ɓoyewa ke jawowa.

Duk wanda zai rubuta miki magani ko ya miƙa miki shi, dole ya sani: likitan kowane fanni, likitan haƙori, mai kantin magani, ungozoma. Ɗauki maganin ciwon jiki. Ibuprofen, diclofenac da naproxen suna cin bangon tumbi su kawo gyambo, musamman ga masu baifas, a daidai wurin da aka haɗa. Mutum zai je da ciwon baya ko na haƙori, bai ambaci komai ba, a ba shi su, ya dawo yana aman jini. Paracetamol aka fi ba ku. Haka maganin suga da na hawan jini, nauyi na sauka buƙatarsu na raguwa. In aka ci gaba da tsohon awo, sai suga ya faɗi, ko jiri ya riƙa ɗibar mutum in ya miƙe tsaye. Ki samu ɗan kati ki rubuta sunan aikin, watan da aka yi, da magungunan da kike sha, ki sa a jaka. Allah ya kiyaye, in aka kawo ki asibiti ba kya iya magana, kafin a zura miki roba ta hanci zuwa ciki ya kamata a san tumbin ba yadda aka saba yake ba.

Tun da kina shekarun haihuwa, ana so a jinkirta ɗaukar ciki wata 12 zuwa 18 bayan aikin, lokacin da jiki ke rama da sauri. Mata da yawa da ƙiba ta rikita musu al'ada, da sun fara raguwa sai ta daidaita, ciki ya shiga ba zato. Ki yi magana da likitanki kan hanyar tazarar haihuwa da ta dace da ke. Masu baifas ma ba a so su dogara da ƙwayar sha, don hanji ba lallai ya tsotse ta duka ba.

Gashin kuma sanannen abu ne. Yakan fara zuba wajen wata na uku, ya ci gaba zuwa na shida, sannan ya tsaya ya sake tsirowa. Girgizar tiyata da saurin rama ke sa gashi mai yawa ya daina girma lokaci guda, kuma man shafawa ba ya hana shi. Abin da ke hannunki shi ne furotin, giram 60 zuwa 80 a rana aka saba sa wa mutum, da bitamin ɗinki kullum, da gwajin jini a kan kari don a duba ayon (sinadarin ƙarfe mai ƙara jini), zink, folik, bitamin B12 da bitamin D. Ƙwai ɗaya giram 6 ne kawai, kin ga aikin da ke gabanki, shi ya sa ake haɗawa da madara, yogot marar sukari, kifi, kaza da wake. Kalsiyam da ayon kada ki haɗiye su tare, ki raba su da awa biyu, kuma kada ki kora ayon da shayi. Waɗannan ƙwayoyin na tsawon rai ne, kuma a nan ma ɓoyo yana cutarwa. Na ga waɗanda suka daina sha don kada a ga kwalabe a ɗaki a tambaye su. B12 in ya ƙare, sannu a hankali yake taɓa jijiyoyi, ƙafa ta riƙa sagewa, mantuwa ta yi yawa.

Maigidanki da yayarki kuma su san alamun da ba a kwana da su a gida: amai da ya ƙi tsayawa, don bitamin B1 cikin makonni kaɗan yake ƙarewa kuma rashinsa ƙwaƙwalwa yake taɓawa, kasa shan ruwa, bayan gida baƙi ƙirin, da ciwo mai tsanani a gefen dama ƙarƙashin haƙarƙari, musamman bayan cin maiƙo, wanda kan nuna tsakuwa a matsarmama, ita ma saurin rama ke kawo ta.

Direban Tirela ya amsa:

Hajiya, sannu da jiki. Ni namiji ne, na san zamanmu da naku ba ɗaya ba ne, amma bari in faɗi nawa, don na ɗan saɓa da Hajiya Malama.

Silib aka yi mini, kuma ni kowa na gaya wa. Tuƙi ne aikina, da abokan aiki muke tsayawa mu ci tare. Mutumin da aka sani da cinye faranti biyu ba zai wayi gari yana tsakurar ƙwai ɗaya a ce ba a lura ba. Ranar da na koma aiki na faɗa musu a fili: an rage mini tumbi, daga yau ga abin da zan iya ci, kada wanda ya matsa mini. An yi ta tambaya na 'yan kwanaki, wani ma ya ce sai ya ga wurin, na ɗaga riga na nuna masa 'yan ƙananan tabon da na'ura ta bari. Daga nan maganar ta mutu. Yanzu su ne ke ce wa mai abinci, "Rabi za ki zuba masa, ki zaɓo naman da ya yi laushi."

Masu cewa lalaci ne, na ji su da kunnena. Wannan aikin ba jiya aka fara shi ba, tun shekarun 1960 likita Edward Mason ya fara baifas a Jami'ar Iowa ta Amurka. A ƙa'idar 1991 ba a yi wa mutum aikin sai BMI ɗinsa, wato ma'aunin nauyi gwargwadon tsayi, ya kai 40, ko 35 tare da wata cuta. A 2022 manyan ƙungiyoyin likitocin fannin, ASMBS da IFSO, suka sassauta: mai 35 zuwa sama ya cancanta ko ba shi da wata cuta, mai 30 zuwa ƙasa da 35 kuma ana duba shi in yana da irin su ciwon suga. Likitana ya yi mini bayani cewa ɓangaren da ake yankewa a silib shi ke fitar da mafi yawan girelin, sinadarin da ke sa jin yunwa. Ni da na tashi da yunwar da ba ta jin ƙoshi tun ina saurayi, na ji bambancin a jikina, kuma na san ba rashin haƙuri ne ya kai ni inda na kai ba. Makonnin da na yi a kan ruwa-ruwa, sannan markaɗaɗɗe, ina kallon iyalina suna ci, wanda ya ce sauƙi ne ya zo ya gwada.

Inda na fi so ki duba shi ne 'yar kawun nan taki. Sauran mutane ki yi yadda Hajiya Malama ta ce, ba ni da ja. Amma ita ba gulma ce ta kawo ta ba. Tana da ƙiba, tana da suga, ta ga kin samu abin da ta daɗe tana nema. In kika ce mata tsarin abinci ne kika tsaya a nan, za ta koma ta matse cikinta, ta kasa, ta ce ita ce ba ta da zuciya tun da wance ta iya. Maganar da ta wuce lafiya a kunnen abokiyar aiki, a kunnenta cutarwa ce, don ita a kanta za ta gina shawara. Ni an yi mini haka. Wani abokina ya rame, ya ce tafiyar safe ce da barin sukari. Na bi tafiyar nan har gwiwa ta kumbura, kullum ina zargin kaina. Sai daga baya matarsa ta gaya wa matata gaskiya. Ban riƙe shi a rai ba, amma shekarun da suka wuce a tsakani, da na yi su da lafiya.

Mai Ɗinki ta amsa:

Malam Direba, kai namiji ne, kwana kaɗan aka yi aka ƙyale ka. Ni dangi duka sun sani, kuma ga abin da ya biyo baya, don 'yar'uwa ta auna. Har yau in na ɗauki ɗan yankan kek a taro sai wata ta ɗaga murya daga can gefe, "A'a, an yarda ki ci wannan?" Da na ƙara 'yan kilo bayan shekara biyu, abin da likita ya ce yana faruwa da yawancin mutane, sai aka ce aikin ya warware, kuɗi sun tafi a banza. Wata ko gaisuwa ba mu gama ba take tambayata ko fatar damtse da ta ciki sun saki, a gaban baƙi. Wanda ba ki gaya wa yau ba kina iya gaya masa baɗi, wanda kika gaya wa kuwa magana ta fita. Ki bi a hankali, mutum ɗaya-ɗaya. Kan 'yar kawunki dai ina bayan Malam Direba, sai dai ki ce mata amana ce.

Uwar Biyu ta dawo:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka muku da alheri. Ga inda aka kwana.

Na sami abokiyar aikina na faɗa mata yadda Anti Malama ta tsara. Ta dafe ƙirji ta ce ta daɗe tana sa ni a addu'a, ba ta ƙara tambayar komai ba. Maigida ya je wurin mahaifiyarsa shi kaɗai. Cewa ta yi me ya hana a gaya mata tun farko ta daina cika mini faranti, sannan ta tambaye shi tsakanin kifi da kaza wanne ya fi wuce mini. Bai ambaci tiyata ba, ita ma ba ta tambaya ba, ko da yake ina zaton ta gane fiye da abin da aka faɗa mata.

'Yar kawuna kuma na kira ta da daddare bayan yara sun yi barci. Malam Direba, maganarka ce ta sa. Na gaya mata komai, har da marasa daɗin: aman farko-farko, ƙwannafin da ke tashina in na kwanta da wuri bayan cin abinci, sanyin da nake ji yanzu ko ana zafi, ƙwayoyin da zan yi ta sha, da yadda wani lokacin nake kewar in zauna tare da kowa in ci in ƙoshi irin na da. Ta yi shiru, sannan ta ce ita tana tsoron wuƙa, za ta fara tambayar likitanta kan alluran rage ƙiba da ake yi mako-mako. Na ce ta je a auna ta a ga wanda ya dace da ita. Na roƙe ta maganar ta tsaya tsakaninmu, ta yi alkawari.

Sista, na rubuta katin, yana jaka. Saura tambaya ɗaya, ta ruwa. An ce in sha lita ɗaya da rabi zuwa biyu a rana, ga dokar rabin awa kafin ci da bayan ci, ga shi kaɗan-kaɗan nake ci sau da yawa. A wurin aiki in abubuwa suka yi yawa, sai yamma in ga ko rabin gorar ban sha ba, fitsari ya yi duhu, kai yana sara.

Ma'aikaciyar Jinya ta sake amsawa:

Ciwon kan da duhun fitsarin alamun ƙarancin ruwa ne, kada ki yi wasa da su, yana cikin abubuwan da suka fi mayar da mutane asibiti a watannin farko. Ba za ki iya kwankwaɗa da yamma ki rama ba, wurin ba zai ɗauka ba, sai dai kurɓa-kurɓa tun daga farkawa. Ki samu kofi ɗaya ya shiga tun kina shirin fita, kafin karin kumallo. A wurin aiki gorar ta zauna a kan tebur a gabanki, kada ta kwana cikin jaka, ki sa waya ta riƙa tuna miki duk minti 10 zuwa 15, kurɓa biyu ko uku. Wasu ruwa zalla yana musu nauyi bayan aikin. Ki gwada mai ɗumi, ko mai sanyi sosai, ki ga wanda ya fi wuce miki. Madara da romo marar maiƙo ma suna cikin lissafi.

Ƙwannafin kuma ki faɗa wa likitanki, sananne ne bayan silib kuma akwai maganinsa. Kafin ki gan shi, ki bar awa biyu zuwa uku tsakanin cin dare da kwanciya, ki ɗaga wajen kan gado. In kika wuni kina kurɓa amma fitsarin bai washe ba, ko jiri ya haɗu da shi, ki je a duba ki a ranar, wataƙila sai an ƙara miki ruwa.